Sanarwar da Na Haɗa wa Yaya Mamman

A da, a ƙasarmu ta Shinkafi, idan mutum ya ce an faɗa a rediyo, to magana ta ƙare. Ba a tambayarsa wace tasha, ba a tambayarsa wa ya karanta. Yanzu kuwa kowane mai waya yana yawo da gidan rediyonsa a aljihu, yana watsa abin da ya ga dama, kuma ba wanda zai tsare shi. Na sha zagin masu yin haka a gaban jama'a. Abin da ban taɓa rubutawa ba shi ne, ni ma na yi, kuma na fi su iyawa.

Ku 'ya'yana, na san yadda kuke ba da labarin nan. Ranar sunan ɗan 'yar'uwarku Balkisu ina zaune a zaure na ji ku da kunnena, kuna ƙyaƙyata dariya kuna gaya wa abokanku yadda Baba ya yi wa ƙauyawa dabara ya ceci rayukansu. Har ɗayanku ya toshe hanci yana kwaikwayon muryar rediyo. Ban tanka ba saboda baƙi. Waɗanda kuke kira ƙauyawa su suka noma hatsin da aka yi mini guzuri da shi na tafi makaranta. Saboda haka ku karanta wannan babin a zaune, kuma kada in ƙara jin wani ya mai da shi abin hira.

Shekara talatin na yi ina aikin rediyo. Na zauna Yamai, na zauna Khartum, na ƙare a wata tasha a Turai ina fassara labarai daga Turanci da Faransanci da Larabci ina karantawa da Hausa. Duk inda na je ina lura da yadda mutane ke sauraro. A Khartum na ga mai shayi yana mayar wa rediyonsa magana, yana ƙaryata shi jimla bayan jimla. A Yamai maƙwabcina yakan ji labari da Faransanci, amma ba ya yarda sai ya sake jinsa da Zabarmanci. Turawa kuwa suna wanke-wanke abin yana ta surutunsa, ba mai ce wa yaro ya yi shiru. Ban ga inda ake nutsuwa a gaban rediyo kamar garinmu ba. Dattijo zai ɗora shi a gwiwa, ya sunkuyar da kai, duk wanda ya yi tari a harare shi. Na san wannan sarai. Da wannan yardar na ci abinci shekara talatin.

Da na yi ritaya na dawo Ƙaura Namoda, na tarar da wata sabuwar al'ada a ƙauyukanmu. Hanya ta lalace saboda mutanen daji, batir ya yi wuya, ba kowa ke kama labarai a kan lokaci ba. Sai wanda ya ji muhimmin abu ya naɗe shi a waya, ranar kasuwa a tura wa juna a rumfar mai caji. Mutanenmu kuma suna da ma'auninsu na gane gaskiya. In murya ta fito tas, sai su ce surutun waya ne, wani ne ya zauna a ɗakinsa ya yi. In kuwa suka ji wannan shuuu ɗin na gajeren zango, muryar tana tafiya tana dawowa, to daga rediyo aka ɗauko, ba musu.

Yayana Mamman yana ƙauyenmu na haihuwa, can bayan Badarawa. Ba zan rubuta sunan garin ba. Ya girme ni da shekara tara, shi ya riƙe ni bayan rasuwar mahaifinmu, kuma shi ne ladanin garin tun kafin in yi aure. A shekarar da nake magana an shiga ƙauyuka biyu da ke kusa da su, an kwashe mutane. Na aika masa ya dawo Ƙaura, ya ƙi. Na gyara masa ɗaki biyu a gidan nan, ya ƙi. Na hau mota na je da kaina, na same shi a gona tsakiyar gero da ya fitar da kai, na yi magana har muryata ta dushe. Ya bari na gama, sannan ya ce:

"Bello, kai ka saba tahiya, shi ya sa tashi bai yi maka wuya. Ni in na tashi, wa ka kiran salla? Dubi geron ga. Kwana ashirin ya rage a yanka."

"Yaya, gero ake yi wa rai ko rai ake yi wa gero?"

"Kai dai ka iya magana, ita ka ci da kai. Gwamnati ta ce mu tashi? In abin ya kai inda kake hwaɗi, da mun ji ga rediyo."

Na dawo gida ina tafasa. Abin da ya fi ƙona mini rai shi ne, ni ƙanensa da muka sha nono ɗaya na zo da ƙafata bai yarda ba, amma da baƙon da bai taɓa gani ba zai faɗa ta cikin akwati, da ya tattara kayansa. Na ce a raina, to tunda rediyo kake so, rediyo za ka samu.

Washegari da hantsi na rufe ɗaki, na buɗe kwamfuta, na lulluɓa da bargo don kada bango ya dawo mini da sauti. Ina cikin karantawa mahaifiyarku ta turo ƙofa.

"Alhaji, lafiya? Bargo da ranar Allah? Zazzaɓi ne?"

Na gaya mata abin da nake yi, don ban saba ɓoye mata komai ba. Ta tsaya riƙe da ƙofa.

"Yanzu Yaya za ka yi wa ƙarya?"

"Ransa zan ceta."

"Na ji. Amma ƙarya ce."

"Ke da kika fi ni sani, kawo taki dabarar."

"Ba ni da ita. Abin da na sani kawai, wannan mutumin bai taɓa cin abu shi kaɗai ba."

Na ce ta ja mini ƙofar. Ban ma tsaya na auna maganarta ba, na ɗauka tsoron mata ne.

Zan faɗi yadda na yi aikin, don ku san ba kuskure ba ne, ba kuma zafin zuciya na minti ɗaya ba. Yini guda na ɓata a kai. Na ɗaga muryata kaɗan ta zama ta mutumin da bai kai ni shekaru ba. Na datse kaurinta na ƙasa, na datse kaifinta na sama, na bar tsakiya, yadda take fita daga ƙaramar lasifika. Na matse ta har ƙarfinta ya zama ɗaya daga farko zuwa ƙarshe. Sannan na kunna tsohon rediyona a tsakanin tasha da tasha, na naɗi ƙarar iskar, na shimfiɗa a ƙarƙashi. Na sa muryar ta riƙa nutsewa tana tasowa. Can ƙasa-ƙasa na saka wani yana magana da Larabci, kamar wata tasha ce ke leƙowa. Ban ambaci sunan kowace tasha ba. Na fara daga tsakiyar jimla, kamar wanda ya makara wajen danna naɗi, na kuma yanke bayan mai karatu ya shiga labarin takin zamani. A tsakiya aka ce hukuma tana umartar mazauna ƙauye kaza su bar garin kafin Juma'a. A situdiyo, da reza muke yanka tef muna cire ƙara, har a kira mutum a yi masa faɗa in an ji ko ƙwas. Ranar nan ni na zauna ina zuba ƙarar da hannuna. Da na saurara a ƙarshe, daɗi na ji. Na ce aiki ya yi kyau. Duk lokacin da na tuna wannan daɗin sai in ji kamar in mari kaina.

Bayan kwana biyu Hansatu, matar Yaya, ta zo Ƙaura karɓar maganin ido. Tsakanina da ita akwai wasan ƙanen miji, tun tana amarya muke tsokanar juna. Na karɓi wayarta na tura mata abin, na kunna mata ta ji, na ce na naɗo ne daga labaran safe.

"Ki kunna wa Yaya a ɗaki, shi kaɗai. Kin ji ko? Shi kaɗai."

"To, Bature. Kai da ka tahi ka bar mu da tuwon dawa, yau kai ka tuna da mu?"

"Ba wasa nake ba, Hansatu."

"Ni ma na ji abin da anka ce."

Ta tafi tana salati. Ita ma na yaudare ta, kuma har yau ban ji ɗayanku ya sa ta a lissafi ba.

Ta yi yadda na ce. Ta kunna masa a ɗaki, shi kaɗai. Ya saurara sau biyu, ya sa takalmi, ya nufi masallaci. Bayan an sallame azahar ya kunna lasifikar kiran salla, ya kara wayar a bakin makirufo, gari duka ya ji. Ni da na iya harsuna huɗu, na zauna ƙasashe uku, na kasa hango abin da matata ta hango daga bakin ƙofa. Na daɗe a inda kowa ke jin labarinsa a kunnensa ya rufe ƙofarsa, har na manta cewa a garinmu wanda ya ji labarin haɗari ya yi shiru, in wani abu ya faru, jinin yana wuyansa. Balle ladan. A tunanina Yaya zai sulale da iyalinsa da asuba ya bar maƙwabta suna barci. Wannan tunanin kansa zagi ne gare shi.

Ranar Laraba wani direba ya gaya mini a tasha cewa mutanen garinmu sun cika wata firamare a Shinkafi. Na tafi. Na tarar da amalanke da jakuna da tabarmi, tsofaffi a jingine da bangon aji, awaki ɗaure a jikin tagogi, mata suna hura wuta a filin ƙwallo. Ba a bar kowa a garin ba. Yaya ya hango ni, ya taso da sauri, ya kama hannuna da hannu biyu a gaban mutane.

"Ga shi nan! Shi ya naɗo muna. Bello, na yi maka gardama, ka yahe mini. Allah shi yi maka albarka, ka hidda gari."

Na ce amin.

Wannan amin ɗin ita ce laifina na gaske, ta fi ƙaryar farko muni. A ranar gero yana tsaye lafiya lau. Da na buɗe baki, da sun juya a yinin, sun zage ni, sun koma sun yanke abinsu. Da na dawo gida mahaifiyarku ba ta ko bari na zauna ba.

"Ka faɗa musu?"

"In na faɗa zai koma."

"To ya koma mana! Garinsa ne. Alhaji, abincin mutane na shekara guda ne a tsaye a daji."

"In aka kashe shi fa? Ke za ki dawo mini da shi?"

"Ka koma gobe ka faɗa. Tun da sauran lokaci."

Ban koma ba. Na zaɓi yayana, na bar gonakin gari. Ba wanda ya ba ni wannan zaɓin, ni na ɗaukar wa kaina, ina zaune a kan kujera a ƙarƙashin fanka.

Juma'a ta zo ta wuce, ba abin da ya faru. Mutane suka ce a ƙara mako a gani. Kafin makon ya cika, labari ya kai daji cewa gari ba kowa. Magidanta huɗu da suka lallaɓa su duba gonaki suka tarar an sako shanu a ciki, ana kiwonsu da bindiga a kafaɗa. Abin da shanu suka bari, tsuntsaye suka ƙarasa. Rumbunan da aka bari da ragowar bara an fasa su. Mai gari ya je sakatariya ya tambayi inda hukumar da ta ce su tashi ta tanadar musu, aka ce masa ba wanda ya ba da wannan umarni, ba kuma tashar da ta karanta shi. Daga nan ido ya koma kan Yaya. Mutanen da suka yi shekara arba'in suna tashi da muryarsa suka fara ce masa Ladan mai rediyo. Wata mata ta ajiye masa tukunyarta ba komai a ciki a gaban tabarmarsa, ta juya.

Wata Asabar da safe ya yi sallama a gidan nan. Bai karɓi ruwa ba. Ya zauna a ƙasa, ya ƙi kujera, ya ajiye wayar Hansatu a tsakaninmu.

"Kunna."

Na kunna. Muka saurara har ta yanke.

"Sake."

Na sake. Ana tsakiya ya ɗaga yatsa.

"Nan. Ka ji? Ka haɗiye miyau. Tun kana karatun allo haka kake yi in za ka shiga doguwar aya. Ka sake murya, Bello, amma ba ka sake maƙogwaro ba. Kwana ukku ina sauraro ina roƙon Allah ya sa ba kai ba ne."

Da na yi shiru da ya fi. Sai na tashi da faɗa. Na ce shi ya ja, da taurin kansa. Na ce na zo har gona na roƙe shi ya mai da ni mahaukaci, ya fifita akwatin roba a kan ɗan'uwansa. Na ce wa ya aike shi ya sa a lasifika, ai shi kaɗai na ce a kunna wa. Ya ɗago ya dube ni, ban taɓa ganin idonsa haka ba.

"Ni kaɗai? In ji za a kashe gari in ɗauki buhuna in hita ta bayan gida? Haka ka san ni? Haka Turawan sunka koya maka?"

"Ranka nake so, Yaya."

"Raina na Allah ne, ba naka ba. Da ka ɗaure ni da igiya ka jeho ni mota, da na yahe maka tun a hanya. Amma ka ɗauki ƙarya ka sa mini a hannu, na kai ta masallaci da ƙahwata. Inda nike cewa Allahu Akbar, nan na kunna ta."

Ya ɗauki wayar ya fita. Na bi shi har bakin titi ina kiransa, bai waiwayo ba.

Bai gaya wa kowa ni ne ba. Na jira kwana biyu in ji an zo an jefi gidana, shiru. Sai na tafi Shinkafi da kaina, na tara mazan garin a ƙarƙashin bishiyar makarantar, na faɗi komai, har bargon. Na ce Yaya bai san komai ba, in za a zagi wani ni za a zaga, kuma zan sayi hatsin da ƙarfina ya kai. Na zaci za su taso mini. Wallahi na so su taso, da na samu sauƙi. Ba wanda ya motsa. Can Tanko maƙeri, sa'an Yaya, ya gyara zama ya ce:

"Alhaji, mun ji. Allah ya ba ka ladan gaskiya. Amma kai baƙo ne gare mu, ko ka rantse ba mu barin gero don maganarka. Abubuwan waya kuma mun sha jin su, wani mu yarda wani mu bari. Wanga ta bakin lasihikar Ladan ya hito. Ita munka bi."

Sai a nan na gane abin da na kashe. Ni ina taƙama da ƙarar iska da muryar Balarabe a ƙasa, ashe aikina duk bai wuce ya shawo kan mutum ɗaya ba. Abin da ya tashi garin amanar Yaya ce, wadda ya tara asuba bayan asuba, ni kuma na ɗauka na kashe a yini ɗaya ba da izininsa ba.

Na san abin da za ku ce, don kun sha faɗa. Da rani an shiga garin an ƙone shi, ba a samu kowa ba, saboda haka Baba ya yi daidai. Ban sani ba. Wataƙila da suna nan da an kashe su. Wataƙila kuma da suna nan da ba a ga kango an ƙona ba. Allah kaɗai ya san wannan, ni ban sani ba ranar da na shiga bargo, ku ma ba ku sani ba yanzu. Abin da na sani, na ga Tanko maƙeri, mutumin da bai taɓa roƙon kowa gishiri ba, yana bin layin rabon abinci da kwano a hannu. Ina jin haushin waɗanda suka mai da ƙasarmu daji, ina jin haushin waɗanda aka ba amanar tsaronmu suka bar tsoho yana jiran sanarwar da ba za ta zo ba. Amma ba ɗayansu da ya zauna a ɗakina ya haɗa wancan sautin.

Hatsin da na saya bai kai su ko'ina ba. Garin ya watse, wasu Ƙaura, wasu Moriki, wasu sun haura Nijar. Yaya ya ƙi ɗakunan da na gyara masa. Ya kama ɗaki ɗaya a Shinkafi, yana saƙar igiya yana kaiwa kasuwa. Ina zuwa gaishe shi duk wata, yana amsawa, yana tambayar lafiyarku ɗaya bayan ɗaya da sunayenku. Hansatu tana kawo mini ruwa ta ce sannu da zuwa Alhaji, wasa ya ƙare.

Lasifikar masallacin da ya ɗauko a amalanke ranar tashi, ya miƙa wa mai gari tun a firamare. Limamin unguwar da yake yanzu ya ji labarin muryarsa, ya roƙe shi har sau uku ya riƙa kira musu ko da asuba ce kawai. Ya ce a ba wani, shi bakinsa ya riga ya ɗauki abin da ya ɗauka. Yayana yana raye, kamar yadda na so. Tun da ya gane abin da ya kunna a waccan azahar ɗin, bai ƙara kiran salla ba.